Yadda unguwa za ta sa kowane yaro a firamare kyauta, kuma ta riƙe shi har ya gama

Duk wanda ya zagaya unguwa a birnin Katsina ko wani ƙauye na Daura da hantsi, ranar da ake karatu, zai ci karo da yaran da ya kamata a ce suna aji: wannan da farantin talla a ka, wancan yana bin awaki, waccan tana goye da ƙanenta. Kowa ya san su, kowa ya san gidajensu, amma babu inda aka rubuta sunayensu. Aikin daga nan yake farawa. In aka je ofis aka ce "yara da yawa ba sa zuwa makaranta", sai a ce Allah ya kyauta a sallami mutum. Takarda mai ɗauke da sunaye 47 da hatimin mai unguwa kuwa tana da wuyar turawa ƙarƙashin tebur.

Abin da doka ta ba ku

Kafin a taka ƙofar gidan kowa, masu aikin su san a kan me suke tsaye. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda aka fi sani da dokar UBE, ta wajabta wa gwamnati ba kowane yaro karatun shekara tara kyauta: shida na firamare, uku na ƙaramar sakandare. Ta kuma wajabta wa uba ko mai riƙo ya kai yaron, ya tabbatar ya kammala. Wanda ya ƙi, karon farko gargaɗi ne. Karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyun. Bayan nan Naira 5,000 ko wata biyu, ko duka biyun. Wanda kuma ya karɓi kuɗi a kan abin da dokar ta ce kyauta ne, tararsa tana kaiwa Naira 10,000 ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun. Kuɗin tarar nan yau ko rabin buhun gero ba za su saya ba, kuma ba kasafai ake gurfanar da kowa ba. Amfanin saninsu shi ne mai magana ya san ba roƙo ya zo yi ba. A 2017 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa wannan haƙƙi ne da ɗan ƙasa zai iya neman kotu ta tilasta a ba shi.

Abin da dokar ta lissafa a matsayin kyauta ya haɗa da littattafai, kayan koyarwa, azuzuwa da kujeru. Yunifom ba ya ciki. A riƙe wannan, don zai dawo a gaba.

Sai sanin ƙofofi. Hukumar UBEC, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya da ke Abuja, tana samun aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma kason gine-gine ba ya fitowa sai jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za ta karɓa. Hukumar SUBEB ta jiha ce ke riƙe da makarantun firamare, kuma kowace daga cikin ƙananan hukumomi 34 na Katsina tana da ofishin ilimi ƙarƙashin sakataren ilimi. Galibin matsalolin unguwa a teburin sakataren nan suke fara sauka.

Kwamitin makaranta: a duba ko yana numfashi

A tsari, kowace firamaren gwamnati tana da kwamitin al'umma da ake kira SBMC. Ba PTA ba ne. PTA ta iyaye ce da malamai. SBMC kuwa na gari ne baki ɗaya, har da wanda ba shi da ɗa a makarantar. Cikinsa akwai wakilin masu sarauta, liman, hedimasta a matsayin sakatare, malamai, wakilan mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a irin su magini da kafinta, da ɗalibai biyu, namiji da mace.

Hanya mafi sauƙi ta gane ko kwamitin na raye ita ce a nemi littafin taro a duba kwanan watan zama na ƙarshe. Idan ya haura zango guda, kwamitin suna ne kawai. Abin da ke kashe shi sananne ne. Wani lokaci hedimasta ne ya zauna shi kaɗai ya cike sunaye don an ce a kawo da gaggawa. Wani lokaci an ba wani babban mutum shugabanci don girmamawa, alhali rabin shekara yana Abuja ko Kaduna. Shugaba ya zama wanda ke kwana a garin, wanda zai iya leƙa makaranta da ƙafa. Babban mutumin a ba shi uban kwamiti, girmansa bai ragu ba. Sai kuma maganar mata: a rubuta sunansu, sannan a sa taro a zauren mai unguwa bayan isha'i, wa zai zo? A bar mata su yi nasu zaman da rana a cikin gida, dattijuwa biyu su kawo abin da aka tattauna, a rubuta shi a littafin taro kamar na kowa. A tsayar da rana guda da ba ta canzawa, misali Asabar ta farko a kowane wata, a harabar makarantar.

Ƙidayar gida-gida

Nan ne ƙashin bayan aikin, kuma nan aka fi yin sakaci. Lokacin da ya fi dacewa shi ne mako biyu ko uku kafin a buɗe zangon farko a watan Satumba, domin sunayen su isa makaranta ana cikin ɗaukar sababbin ɗalibai.

A fara da neman izini ta hanyar da aka saba: mai unguwa, magaji, in ya yiwu har hakimi ya sani. Liman ya yi sanarwa a masallaci, kuma sanarwar ta fito fili cewa ba rabon tallafi ba ne, ba haraji ba ne, ba siyasa ba ce. Idan aka bar wannan a rufe, abu biyu ke faruwa. Masu zaton kuɗi za su ƙara sunayen yaran da babu su, masu tsoro kuma za su ɓoye waɗanda ke nan. Don haka kada mai ƙidaya ya nemi lambar NIN ko ta banki, kada kuma ya yi alkawarin ko da alli guda.

A raba masu aikin bibbiyu, namiji da mace. Namijin ya tsaya da maigida a zaure, macen ta shiga ciki, don uwa ce ta san yaran da ke kwana a ɗakinta. Gida 20 zuwa 25 a yini ya ishi mutum biyu. In aka wuce haka gaisuwa za ta gajarta, amsoshi su lalace. Unguwa mai gida 300 ke nan tawaga huɗu za ta gama ta cikin kwana uku ko huɗu. Kowace tawaga ta riƙe littafin rubutu mai kauri da aka ja wa layuka shida: sunan yaro, sunan uba ko mai riƙo, shekaru, namiji ko mace, matsayi (yana zuwa, bai taɓa shiga ba, ko ya daina a aji kaza), sai dalili. A rubuta duk yaro daga shekara 5 zuwa 15.

Shekaru kan ba da wahala inda babu takardar haihuwa. A tambayi uwa da wace damina ko wace salla aka haife shi, ko a gwada shi da sa'ansa da aka san shekarunsa. Faɗuwar haƙoran gaba alama ce mai kyau ta shekara shida zuwa bakwai. Tsohuwar dabarar nan ta miƙa hannu ta bisa kai a taɓa kunne tana zaluntar yaro mai ƙaramin jiki, a bar ta. Rashin takardar haihuwa kuma ba hujjar mayar da yaro gida ba ce. A ɗauke shi, a nemi takardar daga baya a wurin jami'an hukumar ƙidaya.

Akwai yaran da ƙidaya ke tsallakewa kullum in ba an neme su da gangan ba. Ɗan riƙo da 'yar aiki, saboda maigida ba ya lissafa su cikin 'ya'yansa. Kurma da makaho da gurgu, saboda an riga an yanke cewa makaranta ba tasu ba ce. Yaran ruga da ke bayan gari. Almajiran tsangaya. Sai iyalan da rashin tsaro ya taso daga wurare irin su Batsari, Jibiya, Safana da Ƙanƙara, waɗanda ke zaune a kangaye da gidajen 'yan uwa, kowa na ɗaukar su baƙi ne masu wucewa alhali wasu sun shekara uku. Tambayar da ke fito da su ita ce: "Ban da waɗannan, akwai wani yaro da ke kwana a gidan nan?"

In an gama, a haɗa sunayen a yi kwafi uku: ɗaya ga hedimasta, ɗaya ga mai unguwa, ɗaya ga kwamiti. Takardar ta ƙunshi sirrin gidajen mutane, ba a liƙa ta a bango, ba a kuma yaɗa ta a WhatsApp.

Kowane dalili da maganinsa

Layin nan na shida a littafin ƙidaya, wato na dalili, shi ya fi sauran daraja. A tara sunayen bisa dalili, za a ga abin da ake kira matsala ɗaya ashe biyar ce ko shida, kuma wa'azi ɗaya ba ya warkar da su duka.

Kuɗi ne kan zo farko. Ba kuɗin makaranta ba, don babu shi; ƙananan karɓe-karɓe ne: na fom, na jarrabawa, na alli, na tsintsiya, na katin sakamako, na PTA. Ga mai 'ya'ya shida waɗannan sukan taru su zama katanga. A nan sai an yi adalci ga hedimasta, domin sau da yawa babu abin da ake ba shi na gudanarwa, allin ma daga aljihunsa yake fita. Saboda haka kwamiti ya zauna da shi a lissafa ainihin abin da makaranta ke ci a zango, a nemi kuɗin daga 'yan kasuwar unguwa, tsofaffin ɗalibai da masu hali, a matsayin gudummawar ganin dama, a rubuta shiga da fita a karanta a taro. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne ba a korar yaro, ba a hana shi jarrabawa, ba a kiran sunansa a gaban aji don ubansa bai bayar ba. Babban kuskuren da kwamitoci ke yi shi ne su soke karɓar hedimasta su maye gurbinta da tasu, su yanka wa kowane yaro kaso. Wannan kuɗin makaranta ne aka sauya wa riga.

Yunifom, tun da doka ba ta ɗora shi a kan gwamnati ba, sai unguwa ta yi dabara. A roƙi hedimasta ya bar sabon ɗalibi ya zo da kayan gida masu tsabta har zango guda. A tattara na waɗanda suka gama aji shida. A sayi yadi bandir guda a ba telan unguwa, ya fi araha nesa da sayen ɗai-ɗai.

Talla ta fi wuya, kuma wanda ya shiga gida yana zagin talla ya riga ya faɗi. Uwa da ke cikin kulle da ita take juya jarinta, da ita take tara kayan ɗakin yarinyar. A tambaye ta abin da tallar safe ke kawowa, sannan a nemi hanyar da ba za ta rasa shi ba: koko da ƙosai a gama kafin a kaɗa ƙararrawa, sauran a mayar bayan an tashi, ko a samu mai shago ya riƙa karɓar kayan a kan sari. Matan unguwa su suka fi iya wannan ciniki, a bar musu.

Gona tana da lokacinta. Zangon farko yana faɗawa kan girbin gero da cirar gyaɗa da roron wake, na uku kuma kan shuka da noman farko. Yaron da ya yi mako uku a gona yakan ji kunyar komawa don an wuce shi. Abin da ke aiki shi ne a yi yarjejeniya da iyaye tun kafin kaka: yaro ya je aji da safe, gona da yamma da ƙarshen mako, wanda dole ta sa ya yi fashi, malami ya karɓe shi ba da bulala ba.

Tsangaya a je mata da ladabi. A gaida alaramma, "Allah ya gafarta Malam", a faɗa masa ba an zo raba yaro da allo ba ne. A nemi sa'o'in da ba su ci karo da karatunsa ba, a kuma yi maganar abinci a fili, domin almajirin da zai zauna a aji da safe bai fita neman na rana ba. In gidajen unguwa suka ɗauki nauyin kwano ɗai-ɗai, rabin gardamar ta ƙare. Tun 2023 akwai hukumar tarayya ta musamman kan ilimin almajirai da yaran da ba sa makaranta, kamar yadda yaran makiyaya ke da tasu tun 1989.

Yarinyar da ta fara girma takan daina zuwa ba tare da ta faɗi dalili ba, kuma sau da yawa dalilin masai ne. A je a duba: akwai na mata daban, yana da ƙyaure mai rufuwa, akwai ruwa da buta? Gyaran ƙyaure ɗaya kan mayar da 'yan matan da taron wayar da kai bai mayar ba. Yaro ɗan shekara 11 da bai taɓa shiga ba kuwa, zama da 'yan shekara shida zai kore shi cikin mako guda. A nemi hedimasta ya gwada shi, a ba shi darasin cike giɓi, a matsar da shi gaba da wuri.

Sai uban da zai ce: "Na sa yayansa, ya yi shekara shida ko sunansa bai iya rubutawa ba." Kada a yi masa musu, don mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amsarsa tana cikin aji.

Bayan an shiga

Sa yaro a rajista aikin yini ɗaya ne, zamansa ne ke cin shekara. Makonni shida na farko su ne masu haɗari. A raba sababbin sunayen ga 'yan kwamiti, kowa ya riƙe kamar goma na kusa da gidansa. Duk ranar Alhamis mutum ɗaya ya duba rajistar kiran suna tare da malamin aji, wanda ya yi fashin kwana uku a jere, a je gidansu a wannan makon, da sigar dubiya: "Inna, ba mu ga yarinyar nan ba, lafiya dai?" In aka bari ya kai wata guda, sai an sake aikin daga farko.

Malamai ma ana duba zuwansu, amma da tsari. Ɗan kwamiti ba ya kutsawa aji ya yi wa malami faɗa a gaban yara. Ya zo ba tare da sanarwa ba, a ranaku daban-daban, har da ranar kasuwa da Juma'a, ya rubuta malamai nawa ke wurin da azuzuwa nawa ake koyarwa, ya sa kwanan wata. Ziyara shida ko bakwai za su nuna hoton gaskiya. A kuma tambayi dalili kafin a yi ƙara: malamin da aka turo daga nesa, kuɗin mota na cinye albashinsa, ɗaki a gari zai fi gyara shi da takardar tuhuma.

Sau ɗaya a zango a ɗauki yara goma daga aji uku ko huɗu, ba waɗanda malami ya zaɓa ba, a ba kowa gajeren labari na Hausa mai layi huɗu ya karanta, da lissafin ragewa guda biyu. A rubuta nawa suka iya. Wannan adadin shi za a kai wa uban nan mai ƙorafi a zango na gaba, in ya motsa.

Kai koke

Baki ba ya barin shaida. Koke ya zama a rubuce, shafi ɗaya, buƙata ɗaya ko biyu, da alƙaluma. Manufar ilimi ta ƙasa ta sa malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, kuma mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE. A ce makaranta na da ɗalibai 420 da malamai 5: ana buƙatar 12, giɓin 7 ne, a rubuta haka. Benci ɗaya yara uku, aji mai 60 yana son benci 20, akwai 6, saura 14. A haɗa da hotuna, shugaban kwamiti da hedimasta su sa hannu, mai unguwa ko magaji ya buga hatimi.

A kai wa sakataren ilimi hannu da hannu, mutum biyu ko uku, a riƙe kwafi a sa a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata. Wannan kwafin shi ne makaminku. Bayan mako biyu a koma. In wata guda ya wuce shiru, a rubuta wa SUBEB a Katsina, a liƙa kwafin farko, a ba hakimi da kansila da ɗan majalisar jiha nasu. Rediyo da Facebook a ajiye su sai waɗannan sun gaza; wanda ya fara da tonon silili yakan rufe ƙofar da zai buƙata gobe. A kuma lura da lokaci: buƙatar gini da ta isa bayan an kammala kasafin shekara sai ta jira wata shekarar, don haka a shigar da ita tun tsakiyar shekara.

In aka dace aka turo ɗan kwangila, maginin da ke cikin kwamiti ya yi amfaninsa. Ya karanta allon aikin ya ga aji nawa aka rubuta, ya kankari bulo da ƙusa ya ga ko yana zubewa kamar gari, ya duba ko an ɗaure katakon rufi da langa-langa. Abin da ya gani a sanar da ofishin ilimi a rubuce tun ginin bai kai linta ba. Iskar farkon damina ce ke yaye kwanon azuzuwa a wannan yanki, saboda haka a watan Maris kafinta ya hau ya ƙara ƙusa, ya canza katakon da gara ta ci, a kuma dasa layin bedi, wato darbejiya, ta gabas inda hadari ke tasowa. Irin wannan gyara da shara da shinge aikin gayya ne. Albashin malami da gina sabon aji kuwa nauyin gwamnati ne. Ko unguwa ta ɗauki malamin sa-kai mai NCE don toshe giɓi, takardar neman malami ta ci gaba da tafiya, in ba haka ba ofis zai ɗauka an warware.

A zango na uku a ciro sunayen 'yan aji shida, a bi kowane ɗaya a san ƙaramar sakandaren da aka tura shi, nisanta, da wanda zai raka 'yan mata in hanyar daji ce. A nan ne yara mata suka fi zubewa, kuma shekara ukun nan suna cikin taran da doka ta ba su. Mako biyu bayan buɗe makarantu a je sakandaren da takardar a kira suna. Littafin ƙidaya kuma a sabunta shi kowane Agusta: a soke waɗanda suka ƙaura, a ƙara waɗanda suka cika shekara biyar, a sake leƙa kangaye da rugage ko an samu sababbin zuwa.